Ƙofa Ɗaya a Kan Tudu

Da rana ni ce mai jan keken tudu a Valparaíso,
akwatin katako mai rarrafe a kan igiyar ƙarfe.
In karɓi tsabar kuɗi, in ja ƙyaure,
in kai wasu sama, in sauko da wasu,
minti biyu can, minti biyu nan, shekara goma sha tara.

Da dare kuwa duniya nake ƙerawa.

Kwamfutar ta ƙanena ce, Eleodoro,
ya bar min ita da ya tafi haƙar tagulla a arewa.
Harafi ɗaya ya ɓalle daga madannanta,
fankarta na nishi kamar tsohon jirgin kamun kifi.
Na sayi littafi mai shuɗin bango,
na zana ƙasashe bakwai, kowace da harshenta,
jarumai arba'in, kowa da tabonsa da dalilin tabon,
da dodon teku mai sunan da ni kaina ban iya faɗa ba.
Shafi ɗari da goma sha biyu.
A kan allo fa?
Ɗan mutum guda, tsawon ƙwayar wake,
in na ce masa dama, ya yi hagu.

Wata uku ina kokawa da ƙofa.
Ƙofa ɗaya!
In jarumin ya taɓa ta, wasan ya sume,
jan rubutu ya zubo yana zagina da harshen da ban gama koyo ba.
Ran nan ya ratsa bango ya faɗa cikin baƙin wofi,
ina kallonsa yana faɗuwa, yana faɗuwa,
har shayina ya huce.
Na rufe murfin. Na ɗora tukunyar fure a kai.
Kwana ashirin da shida ban ɗaga ba.

Hazo ya taso daga teku wata safiya,
ba na ganin tashar sama, ba na ganin ta ƙasa,
sai taku biyar na dogo a gaban keke.
Amma igiya ba ta tambayi ina ƙarshen tudu ba,
haƙori ɗaya take kamawa, ta saki, ta kama na gaba.
Na ce: Fresia, taura biyu ma ba ta taunuwa,
ke kin cusa bakwai a baki.

Daren nan na sauke furen.
Na naɗe ƙasashe shida na tura ƙarƙashin katifa.
Jarumai talatin da tara, ku yi haƙuri, ku jira.
Saura ƙauye ɗaya, rijiya ɗaya,
da tsohuwa mai neman akuyarta.
Na yi wa kaina doka: minti ashirin bayan wanke-wanke,
ko da ɗigo ɗaya zan gyara.
Ashe ɗigon ne.
Ɗigo ɗaya da na manta a layi na tamanin da huɗu,
shi ya kulle min ƙofa wata uku.
Na yi dariya har maƙwabci ya buga bango.

Ran Lahadi Millaray ta hauro, 'yar mai gasa burodi,
shekararta tara, hannunta duk gari.
Ta zauna, ba ta nemi izini ba.
Ta gai da tsohuwar sau shida don ta ji ko za ta sake magana.
Ta sami akuyar, ta ƙi mayar da ita.
Ta tsaya a bakin ƙofa, ta tura, ta buɗe.

Ɗaki ne fayau. Ban sa komai ba tukuna.

Ta juyo ta dube ni:
"Waye ya tashi daga nan? Me ya sa ya kwashe kayansa?"

Ban sani ba, yarinya.
Littafina mai shafi ɗari bai taɓa tambaya ba.

"To, Lahadi zan dawo," in ji ta,
ta bar min sawun gari a kan madannai.

Yau Alhamis.
Jiragen ruwa na kuka a ƙasa, kwanuka na jira,
ni kuma ina zana kujera ɗaya da aka bari a baya,
ƙafarta guda ta fi sauran gajarta.